Harajin Luben

Rumyana tela ce a birnin Plovdiv na ƙasar Bulgeriya, irin masu rage tsawon wando da canza zif, kuma fara'a ba ta dame ta ba. Amma duk Lahadi da la'asar sai ta ture keken ɗinki gefe, ta shimfiɗa taswira a teburin yankan yadi, ta zama mai jan labari. Ita ke faɗin inda dodo ya laɓe, ita ke yanke hukunci, abokanta kuwa kowa da jarumin da yake takawa. Tun suna 'yan makaranta suke wasan nan, ga shi har furfura ta cim musu.

Teburin yana da dokarsa. In za a ƙirƙiri sababbin jarumai, kowa zai jefa ƙwayoyin lido uku don ƙarfi, ya sake jefawa don wayo, da zafin nama, da kwarjini. Wanda ya fi kowa sa'a, sai a ƙwace lambarsa mafi girma a ba wanda ya fi kowa faɗuwa, shi kuma ya karɓi ta banza. Haraji suke ce mata. Luben direban bas ne ya kafa ta, kuma kaf teburin babu mugu irinsa wajen karɓa, har rawa yake takawa.

Da sanyin bara ɓarin jikin Luben na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ran da ya fara dawowa wasan, matarsa ta ja Rumyana gefe a bakin ƙofa. Ta shaida mata cewa Luben ya daina zuwa shagon kofi, ya daina amsa waya, don ko'ina lallaɓa shi ake kamar ƙwai. "Nan kaɗai ya yarda ya zo. In nan ma ya tashi, wallahi ya gama fita daga gida."

Rumyana ta shiga ta raba banitsa, wainarsu mai cuku, kamar ba komai, ta ce yau sababbin jarumai za a ƙirƙira.

Stoyko mai gyaran famfo ya fara jefawa, ya tara tarkace, ƙarfinsa biyar kacal. Nevena malamar makaranta ta samu tsaka-tsaki. Sai Luben ya tattara ƙwayoyin da hannun hagu, ya sake su. Shida, shida, shida. Sha takwas! Tsawon shekarun nan bai taɓa samu ba. Sauran jifan ma duk suka yi kyau. Rabin bakinsa ya yi murmushi.

Kowa ya san abin da ya rage.

"Kai, a bar harajin nan yau," in ji Stoyko, yana kallon farcensa. "Ni dama raggon jarumi nake so."

"Dama dokar ta tsufa," Nevena ta ƙara.

Rumyana ta dubi Luben. Murmushin ya tafi. Hannunsa na hagu ya fara laluben sandarsa a jikin kujera. Tausayi ya kama ta. Mutumin da ko cokali ba ya iya riƙewa da hannun dama, yau ya samu ƙarfi ko da a takarda ne, ita ce za ta ƙwace? Sandar ta riga ta taɓa ƙasa.

Rumyana ta buga tebur har kofuna suka yi ƙara.

"Uban wa ya ce ta tsufa? Kai tsoho, ina za ka da kayan mutane? Miƙo sha takwas ɗin nan, ka karɓi biyar ɗin Stoyko. Kuma da hannunka za ka goge, ba ni da ɗan aike."

Stoyko ya rufe ido. Luben ya ƙura mata ido. Can ya jingine sandar, ya jawo takardarsa ya danne da gwiwar hannu, ya shiga gogewa. Takardar ta yi ta zamewa, har ta ɗan yage. Rumyana ta zauna a kan tafukanta don kada su kai masa ɗauki.

Da ya rubuta biyar ɗinsa a karkace, ya ɗago, ido jajir, ya tattaro kalmar da ƙyar.

"Ɓarauniya."

"Na ji. Jaruminka ko tulu ba ya iya ɗagawa, sai ka san dabara. Kuna bakin kogo, ka shiga ko ka tsaya?"

Luben ya miƙa hannu a ba shi ƙwayoyin.