Kunun Da Na Sha A Tirmini

Shekarar da gero ya bushe tun bai yi kai ba aka ɗauke ni aikin zaga gidaje, ina duba yara, ina koya wa iyaye dama kunu mai gina jiki. Ni 'yar Birni ce, sabuwar fita daga lakwal, wato makarantar boko, ga farar riga ga rawar kai. Madam ɗin da ta koya mana aiki ta ja mana kunne: mu zauna kan tabarma, mu gaisa sosai kafin mu buɗe takarda, kuma kome aka miƙo mana mu karɓa, in ba haka ba mata ba za su saki jiki da mu ba.

A wani ƙauye kusa da Tirmini akwai wata mata, mijinta ya tafi cin rani shiru. 'Yarta shekara biyu, gashi ya yi ja, hannu kamar sillen kara. Duk Talata nake kai musu garin kunun yarinyar na mako. Ina zama sai uwar ta shiga ɗaki ta fito mini da kunu a ƙwarya. In shanye, har in yaba. In koma gari ina cika baki, wai ni mata sun yarda da ni.

Yarinya kuwa kullum ramewa take. Wata rana raina ya ɓaci.

"Baiwar Allah, garin nan ina yake tafiya?"

Ta sunkuyar da kai. "Ana ba ta, Madam."

Na yi ta faɗa, ta yi ta ba ni haƙuri.

Talata ta bakwai na tarar an binne yarinyar tun jiya. Na zauna gaisuwa kusa da kakarta. Tsohuwar nan ba zargina take ba, yabon surukarta take yi.

"'Yar nan, wannan yarinya akwai mutunci. Garin ba ya kai mako, amma tun Lahadi take ɗebe naki ta ɓoye. Ko ƙaramar na kuka, ba ta taɓa shi. Ta ce baƙuwa ba ta tashi haka nan a gidanta."

Ban taɓa tambayar daga ina kunun nan yake fitowa ba, ni da ke kawo garin da hannuna. Har yau abin yana cina.

Ina nan zaune, uwar ta fito da ruwa a moɗa, ta durƙusa gabana.

"Ki gafarce ni, Madam, yau ban dama miki kome ba."