Ranar da Malam Bawa Ya Tambayi Motar Alhaji

Ku da kuka san Malam Bawa mai wayarin mota, can garejin hanyar Sakkwato a Gusau, kun san ba ya taɓa mota sai ya gaishe ta. Zai dafa bonet ya ce, "Sannu baiwar Allah, mi ka damunki?" Mai mota na tsaye yana ta zuba bayani, shi kuwa ko kallo. In ka matsa masa ya ce, "Kai ka ciwo ko ita? Bari a tambayi mota tukuna."

Ga tsimin tsiya! Guntuwar waya ko kamar tsinken sakace ba ya yarwa, aljihunsa kullum a cike. Silifas ɗinsa ma da koriyar waya ya ɗaure shi. Wata rana na ce, "Malam, don girman Allah ka sayi takalmi." Ya duƙa ya kalli ƙafarsa ya ce, "Wagga wayar waje ce hwa. Ƙahwar za ta ƙare, ita ba ta ƙare ba."

Da motocin Beljiyam masu ƙwaƙwalwa suka fara shigowa, aka ce zamanin Malam ya wuce, tunda bai yi boko ba. Ashe ba su san taurin kansa ba. Ya samo wani tsohon littafin Turanci marar bango na gyaran irin motocin, ya tasa wani malamin sakandare gaba kullum bayan La'asar, shi yana fassara, Malam yana rubutawa da ajami. Abokan aikinsa suka ce, "Malam, laya za ka yi wa motoci?" Ya ce, "Ta hi taku sana'a. Ku canza wanga, ku canza wancan, sai mai mota ya koma bisa jaki."

To, a lokacin ni direban wani Alhaji ne mai fataucin hatsi, kuma da aikin nake ci da mata da 'ya'ya uku. Ya sayi irin motar nan, ya ja mini kunne kada in taɓa ko ƙusa ɗaya a jikinta. Ni kuwa hon ɗinta ya raina ni, wani ɗan "fiit" kamar na keke. Surukaina suna Bunguɗu, ina so in na shigo gari su san na shigo. Sai na samo hon ɗin babbar mota, na jawo wata rawayar waya daga batir, na cusa ta ƙarƙashin sitiyari, na naɗe mahaɗar da leda. Kai, kwana biyu na ji daɗina!

Ranar da muke dawowa daga Tsafe wata 'yar fitila ta kama a gaban sitiyari, fanka ta ƙi tashi, inji ya ɗau zafi. Da ƙyar muka iso. Makanikai biyu suka duba suka ce ƙwaƙwalwa ta ƙone, sai an aika Legas. Alhaji ya dube ni ya ce, "Garba, in nij ji da hannunka ciki, ka aje man makullina."

Na lallaɓa da ita wurin Malam Bawa, Alhaji ya ce zai biyo baya. Malam ya gaishe ta, ya zaro guntuwar waya ya haɗa wasu ramuka biyu a wani soket, ya murɗa makulli. Fitilar ta fara ƙifce. Sai ya fito da carbinsa yana ja, dogon ƙifce a gefe guda, gajere a ɗaya gefen. Wani mai wucewa ya ɗauka addu'a ake, har ya tsaya ya shafa.

Ya buɗe littafin ajaminsa ya bi da yatsa. "Ta ce wuta ta yi yawa ga layin da ka ba hwanka umurni. Ba ta ce ta haukace ba."

Ya cire makulli ya riƙe, ya ɗora ƙwan gwaji a layin. Ƙwai ya kama tar. "Ga makulli hannuna, ga layi da wuta. Wa ab ba ta?" Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana bin waya da yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Can yatsansa ya tsaya. Ledata ce ta narke, wayata ta manne da layin fanka. Ya fito da kai ya dube ni ta saman tabarau, ya danna hon. Duk garejin sai da aka zabura, wata akuya ta tsinke igiya. Ya yanke wayar ya jefa aljihu, ya naɗe layin da kyau, ya mayar da ɗan "fiit" ɗin. Da inji ya ɗumama fanka ta tashi.

Sai ga Alhaji. "Malam, ƙwaƙwalwar ce?"

"Ƙwaƙwalwatta lahiya lau, ta hi ta wasu. Wata waya ce tash shiga gonar da ba tata ba."

"Wa yak kai ta?"

Malam ya mayar da carbi aljihu a hankali ya ce, "Alhaji, mota nit tambaya. Lamba taƙ ƙirga man, ba ta hwaɗi suna ba."

Shekara tara na ƙara a gidan Alhaji. Washegarin ranar gyaran nan na ga Malam ya ɗaure hannun tabaransa da rawayar wayata. Duk sa'ad da na fara cika baki a majalisa, sai ya ɗan taɓa ta da yatsa, ni kuma in kama bakina. Ko matarsa bai gaya wa ba. Yau ne kuka fara ji, kuma daga bakina.

Ranar da ya rasu na ga tabaran a kan tabarmarsa, da wayar a jiki, na kasa riƙe hawaye. Ya Allah, bawanka Bawa ya ga laifina ƙiri-ƙiri ya sa a aljihu. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa mini, ka haskaka kabarinsa. Amin.