Mai Ƙirgen Tsuntsaye a Ƙofar Jami'a

Babu wanda ya ɗaga ilimin mata a ƙasar Hadejia cikin ƙanƙanin lokaci kamar Malam Haladu Zarami. Masana sun yi shekara da shekaru suna taro a otal-otal, suna neman dabarar da za ta sa yawan mata ya kamo na maza a jami'a. Shi kuwa ya gama aikin tsakanin asuba da azahar, yana zaune a kan benci, da ƙullin gyaɗa a aljihu.

Asalinsa mai ƙirgen tsuntsaye ne. Tun yana saurayi wasu Turawa masu sha'awar fadamar Baturiya suka ɗauke shi ya riƙa tuƙa musu kwale-kwale, daga baya suka rataya masa madubin hangen nesa, suka koya masa sana'ar. Ba a bin tsuntsu ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya ware goma da ido, ya mayar da su mudu, ya auna sauran garken da shi. Ana farawa da sassafe, a tashi kafin rana ta take, domin daga nan garke ya watse. Abin da ya sauka shi ake ƙirgawa. Inda zai kwana ba ruwan mai ƙirge.

Haladu ya so aikin nan. Yakan tsayar da kwale-kwalen a bakin ciyawar kacala, ruwa ya kwanta kamar an shimfiɗa shi, agwagin kirinjijiya su taso suna fito har su rufe gabas, shi kuma leɓɓansa na motsi kamar mai lazimi. Da aikin Turawan ya ƙare ya koma noman shinkafa, amma idon bai yi ritaya ba. Ko kasuwar Kafin Hausa ya je, sai ya dawo da adadin shanu maimakon cefane.

A gida yana da 'ya, Bushira, wadda ke shirin gama sakandare, ta kuma ƙudurta sai ta karanta injiniyan ruwa, wai don ta ga bayan kacalar da ta toshe kogi. Yana kuma da uwa, Iya Gumsu, wadda in ta yanke magana babu mai ɗinkewa.

"Ba zan kai jikata inda in ta yi zazzaɓi babu macen da za ta dama mata kunu ba," in ji Iya. "An ce wurin maza ne zalla, kamar mahauta."

"Iya, akwai mata fa," Bushira ta ce.

"Ke kika gan su, uwar iyayi? Wanda ya san yawan agwagin Turawa ga shi nan zaune. Ya je ya ƙirgo mini. In akwai mata ki tafi, in babu ki nemi abin karantawa a nan kusa."

Ana cikin haka sai ga wata ƙungiya mai bibiyar daidaito tsakanin maza da mata wajen shiga jami'a. Shugabarta, Hajiya Adila, ta gaji da jiran alƙaluma daga wata jami'a da ke yankin, ta ce tana son ganau ya zauna a ƙofa ranar rajistar sababbin ɗalibai. Aka ce mata ai akwai mutumin da har Turawa ba sa musun lissafinsa. Haladu ya karɓi aikin hannu biyu: tafiya ɗaya, aike biyu.

Ranar rajista ya sami gindin darbejiya daura da ƙofa, ya kafa benci tun rana ba ta fito ba. Maza suka fara zuwa ɗai-ɗai, kowa da jakarsa a kafaɗa, kamar zalɓe a bakin ruwa. Ya ƙirga su yana hamma.

Sai motoci suka fara tsayawa, daga Birniwa, daga Kafin Hausa, daga ƙauyukan bakin kogi. Kowace ta buɗe sai mata su zubo. Hijabai shuɗi da ruwan ƙwai da ruwan toka suka cika titi, iska na kaɗa su, ga tabarmi, ga bokitai, ga kulolin abinci, ga ƙullin busasshen kifi. Haladu ya ji bencin yana lilo a ƙarƙashinsa kamar kwale-kwale. Kwalta ta zame masa ruwa, hayaniyar ta koma fiton kirinjijiya. Ya ware goma, ya auna, ya sake aunawa, garke bai ƙare ba.

Ya lura wasu ɗaliban da goyo. Ya ga wata da furfura tana dogara sanda, tana faɗa da mai gadi a kan ya kauce mata. Idonsa ya kawo ruwa. Ashe da gaske ne neman ilimi ba ya tsufa.

Da rana ta take ya naɗe madubinsa kamar yadda aka koya masa, ya yi azahar, ya hau mota. A hanya ya kira Hajiya Adila.

"Ranki ya daɗe, mata sun ninka maza, har da ɗoriya."

Ta ce, "Malam, ka tabbata?"

"Hajiya, ban taɓa ƙara wa garke ko fiffike ɗaya ba."

Ƙungiyar ta kira taro a otal don gano yadda aka yi wannan nasara. A gida kuwa Iya ta tsare shi da ido.

"Har da sa'o'ina, ka ce?"

"Har da waɗanda suka girme ki, Iya."

"To, ta tafi. Ko ba komai za a sami mai tsawata mata."

Shekara ta zagayo, Bushira ta sami gurbi, ƙungiyar ta sake ɗaukar Haladu, ya koma gindin darbejiyarsa. Da hantsi wata bas ta tsaya. Bushira ta sauko, sai matarsa Barira da kula a kai. Ƙannensa mata suka biyo, sai matan maƙwabta, sai mai kitson unguwa, domin ba a kai yarinya baƙon wuri ita kaɗai, kuma wadda ba a gayyata rakiya ba sai ta yi fushi. Daga ƙarshe Iya Gumsu ta sauko da sandarta, ta ce wa mai gadi ya kauce.

Leɓɓan Haladu sun riga hankalinsa. Sai da ya ware goma ya ga cewa duk ya san sunayensu, kuma ɗaya ce kawai a cikinsu ta taɓa rubuta jarrabawa.

Ranar bai tashi da azahar ba, tunda a bas ɗin zai koma. Ya zauna har bayan la'asar, ya ga abin da bai taɓa tsayawa ya gani ba: garken yana fitowa, kuloli babu nauyi, tabarmi a naɗe, mota bayan mota tana kwashewa. Ya ciro waya, ya kira Hajiya Adila, ya ce akwai gyara a lissafin bara, babba. Ya mayar da wayar aljihu daidai lokacin da Iya ta iso tana haki.

"Gaskiyarka," ta ce. "Wurin cike yake da mata, ko wajen shimfiɗa tabarma da ƙyar muka samu. Hankalina ya kwanta."

"Alhamdu lillahi, Iya," in ji shi, ya riƙe mata sanda ta hau.

Kafin su kai gadar Hadejia ta yi barci. Washegari Bushira ta shiga aji. Su biyu ne mata.