Zaren Tahira Bai Ruɓe Ba

In ka shiga babbar kasuwar Maraɗi ta wajen masu gyaran moto, wato babur, ka wuce masu fitilu, za ka tarar da wani ɗan tabur da bai fi tabarmar salla faɗi ba. A kansa akwai ƙugiyoyi cikin gwangwanayen tumatur, da dalma yanka-yanka, da zaren fatsa naɗe a kan faifan roba. Matar da ke bayansa ita ce Tahira. Ta ba hamsin baya, gajeriya ce, dariyarta tsada gare ta, kuma in ta kalli mutum ta saman tabarau sai ya fara laluben laifin da ya yi. Masu tsokana a layin suna cewa ko kifi ya haɗa ido da ita, da kansa zai haɗiye ƙugiya ya huta.

A Jiratawa aka haife ta, gidan masunta. Mahaifinta, marigayi Idirisa, bai sami ɗa namijin da ya rayu ba, sai ita ta zama 'yar hannun damansa. Tun ba ta kai shekara goma ba take murza masa zaren auduga a cinya, har wurin ya yi kanta. A gabanta yake dafa zaren cikin ruwan bagaruwa har ya yi ja, ya shanya shi a rana, kuma kullum ya dawo daga ruwa sai ya sake shanyawa, don audugar da ta kwana da laima ruɓewa take. Aure ya kawo ta unguwar Sabon Gari a Maraɗi, gidan Jibo mai gyaran moto. Da 'ya'ya suka tasa suka bar mata hannu, ba ta bi sauran mata wajen suyar ƙosai ba. Ta ce ita ƙugiya ta sani, ƙugiya za ta sayar.

Shekara ashirin ke nan, kuma ƙa'idarta ɗaya ce ba ta taɓa karya ta ba: zare ba ya hawa taburinta sai ta gwada shi. Takan yanko kaɗan ta cije, ta ƙulla, ta ɗaura a reshen dogon yaron da ke tsakar gidanta, ta rataya masa bido, wato jarkar ruwa. In ya tsinke, ya koma inda ya fito, ko da ɗan uwanta ne ya kawo. 'Yan kasuwa da yawa sun ji haushinta a kan wannan. Masunta kuwa, daga Jiratawa har Tibiri, in an ce zaren Tahira ne ba sa ƙara tambaya.

Daminar bara wani magidanci ɗan Tibiri, Maliki, ya dawo daga Aljeriya da wata sandar kamun kifi mai ɗan inji a kanta. Ka wurga, zare ya warware da kansa, ka juya hannun injin ya naɗe. Abin sha'awa, sai dai zaren nilon mai kauri da kowa ya saba da shi ya ƙi zama a kai. Yana wurgawa sai ya cukurkuɗe, Maliki ya wuni yana warwara, kifi na wasa a gabansa.

“Inna, ki taimake ni,” ya ce wa Tahira. “Mutanen gari sun hwara yi mini dariya, wai na sayo keken ɗinki na kai ruwa.”

Tahira ta juya injin, ta juya, ta ce ya ba ta sati biyu. Ta aika Katsina aka zo mata da zare iri uku. Biyu ba su wuce dogon yaro ba. Na ukun siriri ne, kore-kore kamar ruwan tabki, mai kawowa ya ce wai roba iri biyu aka haɗa aka yi shi. Ita ba ruwanta da abin da aka haɗa. Abin da ta gani shi ne in an warware shi yana miƙewa, ba ya riƙe lanƙwasar faifai, ƙulli ba ya zamewa a jikinsa, kuma ya ɗauki bido cike da ruwa bai yi ko gezau ba. Ta naɗa wa Maliki. A ranar farko ya fito da tarwaɗa uku, dariya ta koma ciki.

Labari ya bazu. Gulbin Maraɗi ba kullum yake da ruwa ba. Damina ce ke kawo shi, ya cika tabkuna ya wuce, kuma masunci yana da 'yan watanni ne kawai kafin ruwa ya ƙafe. Saboda haka kowa ya yi sauri. Masu fatsar hannu da masu jera ƙugiyoyi a doguwar igiya duk suka zo suka sayi siririn zaren. Har Ya'u Dogo, sarkin masuntan Jiratawa, ɗan wan mahaifinta, dattijon da ya haura saba'in, ya saya da yawa.

Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki, ranar Litinin, kasuwa ta cika maƙil, sai ga Ya'u Dogo yana ratsa mutane. Bai yi sallama ba. Ya watsa mata dunƙulen zare a kan tabur har ƙugiyoyi suka zube.

“Ga ruɓaɓɓen zarenki!” Muryarsa ta kai har layin masu tumatur. “Tarwaɗa kamar cinyata, na jawo ta har bakin ruwa gaban jama'a, zare ya tsinke kamar na gizo. Ba ni kaɗai ba, mutum bakwai. Ɗiyar Baba Idirisa ce za ta cuci masunta? To, ku shaida, daga yau ba mai sayen ko ƙugiya ɗaya wajenta, Jiratawa da Tibiri duka!”

“Yaya,” ta ce, ba ta ko tashi ba, “zarena bai ruɓe ba.”

“Ƙarya nike ke nan?”

“Ban ce ba. Na ce zarena bai ruɓe ba.”

Ya juya ya tafi. Kafin la'asar sunanta ya canja a layin, ta zama mai ruɓaɓɓen zare. Kwana huɗu ba wanda ya tsaya a taburinta sai ƙuda. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ciwon da ba ta ji irinsa ba tun rasuwar mahaifinta, domin ba ta da gona, ba ta da shanu, sunan nan shi ne duk abin da ta tara.

Jibo mutum ne mai son zaman lafiya, ko akuya ta ci masa tuwo sai ya ba ta haƙuri. Ya ce mata, “Tahira, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Yayanki ne. Ki tahi ki ba shi haƙuri, ki ce kamfani ne ya cuce ki, ki koma ma tsohon zare. Magana ta mutu.”

“In ce mi, Malam? In ce na saida abin da ban gwada ba? In na hwaɗi haka, shekara ashirin ɗin nan duk ƙarya ce ke nan. Ba ni yi.”

Ta ɗauko dunƙulen da Ya'u ya watsar, ta zauna da shi a inuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Zaren da ta sayar santsi gare shi, wannan kuwa ya yi kaushi, launinsa ya koɗe ya koma ja-ja. Ta ja shi tsakanin yatsu, ya tsinke ba wuya. Ta kai hanci. Warin da ta ji ya mayar da ita tsakar gidansu tana 'yar shekara tara: bagaruwa. Nan ta gane abin da ya faru, ta kuma gane har mahaifinta za a jawo cikin maganar.

Washegari ta kira Maliki ta ce ya zo da motonsa da sandarsa. Ta ɗaure bido a baya, suka kama gudron, titin kwalta, zuwa Jiratawa da hantsi. Tun kafin su shiga unguwar masunta ta hango abin da take zato. Zare shimfiɗe a kan rufin kwano, zare a kan danga, gida bayan gida, yana shan ranar da ko jaki ba ya tsayawa cikinta. A wata ƙofa ma tukunyar bagaruwa ce ke tafasa, an tsoma sabon zare ciki.

Masunta suna zaune ƙarƙashin tsamiyar bakin tabki, Ya'u Dogo a tsakiyarsu. Ta yi sallama, aka amsa ciki-ciki.

“Haƙuri kika zo bayarwa?” in ji shi.

“A'a, Yaya. Reshe na zo ara.”

Ta ɗaura guntun zarensa a reshen tsamiya, ta rataya bido, ta karɓi ƙwarya ta fara zuba ruwa. Ba ta kai ƙwarya ta huɗu ba zaren ya tsinke, bido ya faɗi. Wasu suka yi dariya, ai ga shi ta tona wa kanta asiri. Ba ta kula su ba. Ta juya wajen Maliki.

“Yaushe ka sayi naka?”

“Sati biyu kahin su, Inna. Kullum shina cikin ruwa.”

“In ka dawo ina kake aje shi?”

“Cikin jaka, a ɗaki.”

Ta yanko daga injinsa ta ɗaura a reshen nan dai. Ta zuba, ta zuba, har bido ya cika ruwa yana malala ta baki. Siririn zaren ya miƙe tsaf, ya riƙe. Wani ya tashi ya taɓa shi da yatsa, ya koma ya zauna. Gani ya kori ji.

“Kwali ɗaya sunka hito,” ta ce. “Wanga roba ne, ba auduga ba. Ruwa bai ruɓar da shi, rana ce ke cin shi. Kun dahwa shi, kun gasa shi bisa kwano wata guda, sannan kun ce Tahira ta cuce ku.”

Ya'u ya miƙe. Dogo ne da gaske, sai da ta ɗaga kai.

“Haka ubana ya yi. Haka ubanki ya yi, a gabanki. Yau ke ce za ki tsaya nan ki ce Baba Idirisa bai san sana'ar su ba?”

Maganar ta soke ta, don nan ne ba ta so a taɓa. Idonta ya kawo ruwa, ta hana shi zuba.

“Ubana auduga ya dahwa, kuma daidai ya yi. Da ya ga wanga zare, da ya tambaya kahin ya sa shi a wuta. Kuma ko sau ɗaya bai taɓa ɗora ma wani laihin hannunshi ba. Kada ka ɓoye bayanshi, Yaya, ya yi maka tsawo.”

Can sai mutum biyu suka sulale, aka hango su suna sauko da zare daga rufi.

Tana shirin hawa moto Ya'u ya biyo ta gefen hanya, inda ba mai ji. Ya rage murya.

“To, abin ya wuce, ƙanwata. Na janye. Ki aiko mini da sabo, ruwa na tahiya.”

“Cikin kasuwa ka ɓata ni, ran Litinin, da ƙarhi. Can za ka gyara.”

“Da hurhurata?”

“Da ita ka zo ranar.”

Mutanen Jiratawa suka fara dawowa taburinta ɗaya-ɗaya, kowa yana sunkuyar da kai. Amma na Tibiri ba su ga tsamiya ba, matan layin ma ba su gani ba, sunan banzan nan yana nan manne da ita. Jibo ya yi ta faɗa, ciniki ya dawo, me kuma ake nema? Ta ce ba ciniki aka ƙwace mata ba. Ya'u ya aiko a saya masa a ɓoye, ta gane ɗan aiken, ta mayar da shi hannu banza. Ya je ya sayo mai kauri a wani wuri, kifi suka riƙa ganinsa suna kaucewa, yayin da maƙwabtansa ke cika kwando. Sati ɗaya ya wuce, na biyu ya bi shi, bakin tabki ya fara tsagewa. Taurin kai dai na gida ne, kaka ɗaya suka haɗa.

Litinin ta uku ya zo. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya tsaya gaban tabur yana duban ƙugiyoyi, ya ce a hankali, “Zarenki lahiya lau ne.”

Tausayi ya kama ta. Wannan mutumin ne ya goya ta ya ƙetare gulbi da ita tana ƙarama. Kalma ɗaya daga bakinta ta ishe shi ya tsira da girmansa. Ta dubi matan layin da suka bar awo suka zuba ido, ta cije.

“Ban ji ba, Yaya.”

Ya dube ta, ta dube shi. Sai dattijon ya juya ya fuskanci kasuwa, ya cire hularsa, ya ɗaga murya har ta karye.

“Jama'a! Ni Ya'u Dogo na Jiratawa, ni na ƙona zarena da hannuna! Zaren Tahira bai ruɓe ba! Na zalunce ta, ku shaida!”

Tahira ta tashi, ta jawo kujerar da take zaune a kai ta ajiye masa. Ya zauna da ƙyar. Ita kuma ta tsugunna a ƙasa gabansa, a cikin ƙura, gaban duk wanda ke kallo, ta gaishe shi gaisuwar ƙanwa ga yayanta, ta tambayi gida da iyali ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba.