Ayuba Rewaya da Muryar da Ta Fito Daga Fijon Babana

Ƙarfe bakwai na safe a Ƙonni, cikin bazara, rana ba ta gama ɗagowa ba amma ƙarfen mota ya riga ya fara ɗumi. A wannan lokacin ne Malam Ayuba Rewaya yake isowa bakin tasha a kan kekensa. Ya jingine keken a gindin dogon yaro, ya shimfiɗa tsohon buhun siminti, ya zazzage kayan aikinsa a kai. Ba su da yawa: filaya, sukudireba biyu, salatef, da wani ƙwan fitilar mota da ya ɗaura wa waya biyu, wanda da shi yake gane inda wuta take da inda ta ɓace. Shekara talatin da ɗoriya yana gyaran wutar mota a wurin nan. Bana ya ce zai ajiye, ido ya fara gajiya. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani a kansa tun yana iya sa a karanta masa.

Duk direban da ke bin hanyar Malbaza ya san halinsa guda ɗaya. Ba ya yanke waya sai ya bi ta da yatsa daga inda ta fito har inda ta ƙare. Direbobi kan tsokane shi.

"Ayuba, mota kake gyara ko tsifar kai kake mata?"

"In kana sauri ga jakin Maman can, shi ba ya da waya," haka yake amsawa, kansa na ƙarƙashin sitiyari.

Mas'udu, mai jan kamiyo, babbar motar ɗaukar siminti, ya sha faɗa a tasha cewa garaji uku suka ce a sake wa motarsa waya gaba ɗaya, Malam Ayuba ya yini yana lalube, ya fito da ɗan wuri guda da ɓera ya gwaigwaya. Irin wannan labarin yana da yawa. Nawa dai daban ne.

Babana, Labo, yana da fijo kat-san-kat, wato 404, fara, wadda ta girme ni. Da ita yake ɗaukar fasinja tsakanin Tsarnawa da Ƙonni. A shekarar 1991 ya tsallaka iyaka ya sayo rediyon mota mai kaset, ya ce shi ma a ji motarsa tana waƙa. Da kansa ya ɗaura ta. Ya huda allon gaban direba, ya murɗa wayoyi, ya naɗe su da leda. Ya murɗa maɓalli, shiru. Ya buga ta da tafin hannu, shiru. Ya ce ranar kasuwa zai kai wa abokinsa Ayuba. Kafin ranar kasuwa zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki motar. Ina fita da safe, in dawo kafin azahar in ajiye ta a tsakar gida, cikin rana. Rediyon tana nan kamar dutse, ban taɓa ta ba.

Wata Talata, rana tsaka, gari ya yi tsit, ko kaji sun shige ƙarƙashin rumbu. Innata, Hindu, tana tankaɗe a inuwar ɗaki. Makullin mota yana aljihuna, gilasai a rufe. Sai muka ji tari. Tarin Baba, irin wanda yake yi kafin ya fara magana. Daga cikin motar.

"Hindu. Hindu, kina ji na?"

Rariya ta faɗi daga hannun Inna. Tunda aka haife ni ban taɓa jin Baba ya kira sunanta ba, sai dai ya ce "ke" ko "uwar gida". Muryar ta ɗan ja, kamar mai magana daga ƙasan rijiya, ta ɗauke. Na buɗe motar. Ba kowa, sai zafi da warin kujera.

Washegari ma haka, daidai lokacin. Kuma ba maimaitawa yake yi ba, daga inda ya tsaya jiya yake ɗorawa. Kalma biyar, kalma goma, sai shiru. Rana ta huɗu ya ce, "Yari fa? Ina ganin shi kullum." Yari ƙanena ne, ya rasu yana goye, shekara goma sha biyu kafin nan.

Daga ranar Inna ta daina cin abinci. Ta aiki a sayo mata farin yadi ta ajiye ƙarƙashin matashi. Kafin rana ta take sai ta shimfiɗa tabarma a gefen mota ta zauna. Ta ce mini, "Babanka na tare da yaron. Ni suke jira. Ranar da ya gama maganarshi zan tahi." Na cire kan batir rana ɗaya, ta yi kuka ta ce na toshe wa ubana baki, ko ruwa ta ƙi sha sai da na mayar. Maƙwabta suka daina shigowa. Wasu suka ce a tura motar daji a cinna mata wuta. Liman ya zo ya yi addu'a, ya ce matacce ba ya dawowa, amma shi ma da ya ji tarin sai da ya ja da baya.

Kwana tara ana haka, wuyan Inna ya zama kamar kara. Na je bakin tasha na faɗa wa Malam Ayuba, ina jiran ya yi dariya. Bai yi ba. Ya tattara kayansa ya ce, "Mu tahi."

Kai ne, Malam Ayuba, ka shigo gidan da kowa ke gudu. Ba ka taɓa motar ba. Ka gaida Inna, ka zauna a ƙasa nesa kaɗan da tabarmarta, ka jira tare da ita. Da muryar abokinka ta fito na ga gashin hannunka ya miƙe, na ga leɓenka yana motsi da salati. Amma ba ka tashi ba. Da ta ɗauke, ka ɗora tafin hannu a jikin motar, ka janye da sauri saboda zafi, ka daɗe kana kallon hannun.

Na raɗa masa, "Baba Ayuba, a yanke wayar kawai."

Ya ce, "In na yanke, na yanke da ita. Bari in bi ta."

Washegari da sanyin safiya ya kwance allon gaba. Ya bi jar waya da yatsa, ya tarar Baba ya haɗa ta kai tsaye da batir, ba ta bi ta makulli ba. Ya bi baƙar, wadda ya kamata a ɗaure a jikin ƙarfen mota, ya same ta tana lilo, tsakaninta da ƙarfen bai fi kaurin gashi ba. In rana ta gasa motar ƙarfen ya ɗan motsa, sai su haɗu. Ya leƙa bakin rediyon da ƙwan fitilarsa, ga kaset can ciki ta shige, ba wanda ya san da ita.

Bai yi wa Inna dogon bayani ba. Ya ce, "Hindu, taso ki kama mini wannan, hannuna na rawa." Ta taso da ƙyar. Ya sa mata baƙar wayar a yatsu. "Taɓa ƙarhen nan."

Ta taɓa. Baba ya yi magana.

"Ɗaga."

Ta ɗaga. Shiru.

Ta sake taɓawa, ta sake ɗagawa, har sau huɗu. Malam Ayuba ya ce a hankali, "Kin gani? Sai kin so ya ke magana. Ba kiranki ya ke ba."

Ya zaro kaset ɗin da sukudireba. A jikinta akwai tambarin wani shago na Kumasi. Can Baba ya yi cin rani shekarar da aka haifi Yari. Saƙon gida ne ya ɗauka, irin wanda 'yan cin rani ke aikowa, bai samu mai kawowa ba, ya dawo da abinsa ya jefa a akwati. Ranar da ya ɗaura rediyo ita ya samu ya gwada.

Sannan Malam Ayuba ya yi aikin yadda ake yi. Ya kwance ledar Baba ɗaya bayan ɗaya. Ya bi da jar waya ta makulli, ya sa mata fiyus, ya ɗaure baƙar da noti a jikin ƙarfen da ya kankare, ya naɗe kowace gaɓa da salatef, ya gyara sifikun ƙofa. Ya juya kaset ɗin da biro har farko, ya zaunar da Inna a kujerar gaba, ya ce in kunna.

Muka ji Baba tun daga sallama. Ya ce yana ganin Yari kullum a mafarki. Ya ce doya ta ishe shi. A ƙarshe ya ce, "Kuma jar akuyar nan, kar ki bari wanki ya saida ta, na san halinshi."

Inna ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ta ce, "Akuyar da shi da kanshi ya yanka da ya dawo!" Ta share ido, ta dube ni. "Akwai sauran hura?"

Na ɗauke shi a motar don in mayar da shi Ƙonni. Sai da muka kusa shiga gari ya ce, "Sifikar hagu, babanka bai sa mata waya ba ko ɗaya. Amma jiya ta nan na ji shi." Ya kalli titi. "Wataƙila kunnen tsufa ne. Allah ne masani." 

Inna tana nan da ranta. Farin yadin ta ɗinka wa jikokinta riguna da shi. Malam Ayuba, mai bin waya har gidanta, na gode, gidanmu duka ya gode. Allah ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma samari masu filaya a bakin tasha, kafin ku yanke abu ku bi shi ku ga inda ya nufa, ku ga kuma wanda ke riƙe da ɗaya bakin.

Watan jiya na kai masa motar saboda fitilar baya, na tafi masallaci. Da na koma gida na buɗe ɗan akwatin gaba, na ga sabuwar kaset ba rubutu a jikinta. Na sa. Tarin Baba ne. Ashe Malam Ayuba ya lura ta farkon ta fara laushi, ya kai an juye ta a wata. Washegari na je in yi masa magana, na tarar rabin jikinsa yana cikin wata mota. Na yi sallama, na fara, "Baba Ayuba, kaset ɗin nan..."

Hannunsa kawai ya fito.

"Miƙo mini filaya."