Abarshi Diresa da jirgin da ba ya tashi

A Samaru, cikin shekarun 1950, duk wanda gyambo ya dama ko fartanya ta sare shi, wurin Abarshi Diresa, mai wanke ciwo, ake tura shi. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ga muryar lallashi. Kullum da safe yakan hawo kekensa daga Muchia, inda yake zaune da matarsa Salome, ya zo ƙaramin ɗakin shan magani ya sa farar riga.

Ɗan manoma ne daga wani ƙauye kudu da Zariya. Da aka ɗebe shi soja aka kai su yaƙin Bama, sai aka sa shi cikin masu kula da waɗanda suka ji rauni. Dajin nan ba hanyar mota. Sai su sare gora da adduna, su daddaɓe ƙasa, har ɗan ƙaramin jirgin sama ya sami wurin sauka. Mutum ɗaya tak yake ɗauka, a kwance bayan matuƙi. Aikin Abarshi shi ne ya tsai da jini, ya naɗa bandeji, ya ɗaure mutum a kan gadon tamfol, ya tura shi ciki a kai shi babban asibiti.

Wata rana a Samaru aka kawo wani ƙaton mutum da tanda ta ƙona a hannu. Abarshi ya jiƙa auduga, ya ce, "Miƙo nan, ɗan'uwa. Ba zafi, kamar ruwan sanyi za ka ji."

Mutumin ya janye hannunsa, ya ƙura masa ido.

"Na san muryar nan," in ji shi. "Ita ce ta ce mini jirgi ba zai tashi ba."

Sunansa Uzodinma, mai gasa burodi, haifaffen Sabon Gari, Hausa a bakinsa kamar ta Bazazzagi. A Bama harsashi ya fasa masa cinya, da aka kawo shi bakin jirgi sai ya rungume wata bishiya, ya ce gara ya mutu a ƙasa. Jini na zuba, matuƙi na duban hadari. Abarshi ya durƙusa kusa da kunnensa ya ce ai wannan jirgin fukafukinsa ya lalace, a ƙasa zai yi ta gudu kamar motar Funtuwa. Da ya yarda aka sa shi ciki, Abarshi ya rufe masa fuska da bargo, wai saboda ƙura.

"Na yi ta yabon hanyar a raina," in ji Uzodinma. "Ba gargada ko kaɗan. Sai da na yaye bargon na ga kogi can ƙasa kamar zare."

"To me ka yi?"

"Na mai da bargona, na yi ta kiran sunan uwata."

Abarshi ya yi dariya har ya zauna a benci. Sannan ya ce a nuna masa cinyar. Ya daɗe yana shafa tabon, domin duk waɗanda ya tura cikin jirgin nan, bai taɓa jin labarin ko ɗaya ba. In jirgi ya ɓace bayan itatuwa, shi ke nan, sai na gaba. Wannan ne na farko da ya gani tsaye da ƙafafunsa. Ya share ido da gefen riga, ya kama hannun ya wanke, Uzodinma na cije baki yana cewa wane irin ruwan sanyi ne wannan.

Da yamma Abarshi ya koma gida da burodi biyu masu ɗumi a bayan keke. Salome ta tambayi dalili, ya ba ta labari tun tana tuƙa tuwo har aka gama ci.

"Ashe kana jin nauyinsu duk shekarun nan, maigida," in ji ta.

"Yau an rage mini ɗaya."

Tun daga nan, kowace Lahadi in an tashi coci, sai gidajen biyu su haɗu a Muchia. Matar Uzodinma ta koya wa Salome miyar agushi, ita kuma ta koya mata faten tsaki. Da Uzodinma da matarsa suka haifi 'ya mace, Abarshi aka roƙa ya tsaya mata a matsayin uba ranar baftisma, aka sa mata Lucia. Ya ari kwat a wurin wani malamin makaranta, ta yi masa tsawo har ta rufe yatsunsa, haka ya riƙe jaririyar, tana ta barci.