Malaman Coci da Gafakar Baba

Shekara tara Yayana ya yi zaune a kan littafin mahaifinmu, ya hana ni ko taɓa gafakar da yake ciki. Littafin fiƙihu ne falle-falle, rubutun hannu, Baba ya cika gefen kowace takarda da nasa bayanin. Gonar da Baba ya rasu ya bari ban yi jayayya a kanta ba. Abin da Baba ya rubuta nake so in gani da idona. Duk lokacin da na je Gwaram na roƙa, sai Yaya ya ce, "Ke da kika fara boko da furfura? Wannan ba littafin mata ba ne."

Gaskiyarsa a kan furfura. Sai da na aurar da 'yata ta biyu na shiga yaƙi da jahilci, daga nan na zarce ajin manya a Birnin Kudu.

Wata rana malaminmu na tarihi ya nuna mana hoton wata tsohuwar takarda a wayarsa. Rubutu a tsakiya, ƙananan rubutu sun kewaye shi ta ko'ina. Na ce, "Malam, wannan ai irin na Babana ne!" Ya yi dariya, ya ce na malaman coci ne a Turai, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Su ma suna da dokokinsu na aure da rantsuwa da shugabanci, sun taru sun yi yawa, wannan ta ce e, waccan ta ce a'a. Sai wani malaminsu ya jera masu karo da juna, ya zauna yana sasanta su: wannan don wani zamani aka faɗe ta, waccan don wani gari. Na bayansa suka yi ta sharhi a gefe, har gefen ya fi cikin yawa.

Sauran 'yan aji suna hamma. Ni kuwa Yaya ne ya faɗo mini a rai.

Na sami takarda na ja layi a tsakiya. A dama na rubuta abin da Yaya yake faɗa a wa'azi, don shi ma malami ne: ranar saukar karatu ya ce mace jahila asarar gida ce, a garin Kangire kuma ya wanke wani magidanci tas da faɗa saboda ya hana matarsa zuwa Islamiyya. A hagu na jera abin da yake gaya mini ni.

Ranar Juma'a bayan la'asar na same shi a zaure da amininsa, wani Alhaji mai motocin haya. Na durƙusa na gaishe su, na ce fatawa na kawo.

"Allah gafarta Malam, malamai biyu ne suka saɓa, na rasa wanda zan bi."

Ya gyara zama, don Yaya yana son fatawa a gaban baƙo. Na karanta dama, ya ce wannan malami ya san abin da yake yi. Na fara hagu. Ban kai layi na biyu ba Alhaji ya toshe baki da hannun riga yana ɓoye dariya.

Yaya ya murtuke. "Waccan wa'azi ce. Wannan maganar gida ce."

"Madalla! Wallahi haka malaman coci suke yi, su ce kowace magana da wurinta."

"Ni kike haɗawa da malaman coci?"

"Ni ban haɗa ka ba, Yaya, kai ka bi sawunsu. Sai dai su in sun raba, suna kawo dalili. Matan Kangire da ni, wa ya fi wani zama mace?"

Alhaji ya ce, "Malam, ba ta kayan ubanta, kafin ta karanto mana wani shafin."

Ya shiga ciki ya fito da gafakar, ya dire ta a gabana. "Aron wata ɗaya. Kuma kada falle ɗaya ya bar wurinsa."

Na kwance igiyar gafakar. Ga tawadar Baba, ga jan layinsa. Sai dai rubutun ƙanana ne kamar tururuwa, Larabci da ajami a cakuɗe, babu wasali ko ɗaya. Kalma uku na iya fitarwa. Yaya ya gani, bakinsa har kunne.

"Karanto mana, Malama."

Na ɗaure gafakata na ce ba na karatu a gaban masu hassada.

"In ya gagare ki, ki dawo da shi in karanta miki," in ji shi.

Ya manta akwai wani tsohon ɗalibin Baba a garin Maruta, wanda ya fi kowa sanin rubutun hannun Baba. Tun da suka yi musu a kan ganin watan azumi, shi da Yaya ba sa ga maciji. Gari na wayewa na goya gafakar a baya kamar jariri, na yafa mayafi, na tare ɗan acaɓa na ce Maruta.